Gurbi Takwas, Gonaki Goma

Ummi, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, kin sha ruwa, kin miƙe ƙafa, gwaggonki kuma ta gama yi miki tambayoyin da take tarawa tun bara. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ki da abokan aiki masu mutunci. Ki gaishe ta da kyau, ki gaida maigidanta da yaran.

Na san kin yi mamakin ganin ambulan a ƙasan jaka, tsakanin ƙullin daddawa da wani kwali da ba ki san da shi ba. Mahaifiyarki na sa ta cusa su, ta kuma yi mini alkawarin ba za ta faɗa miki ba. In har ta cika wannan alkawari, ki rubuta ranar ki ajiye. Kwalin dai kada ki buɗe shi tukuna. Ki bari sai kin kai ƙarshen takardar.

Labarin gida babu abin da zan ƙara miki, ko kwana ba ki yi da barinsa ba. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauko tabarau da biro. Kwana uku da suka wuce, a zaure bayan la'asar, kin gaya mini aikin farko da kamfanin ya ce zai ba ki: ki rubuta manhajar 'yar ƙwaƙwalwar da za ta riƙa sarrafa famfon sola, kuma ogan ya ce ki zaɓi yaren da kika ga dama. Kika ce, "Baba, da asembili zan rubuta. Su bakwai ne a ɗakin, duk maza, ba wanda ya iya. Su san 'yar wa aka kawo musu." Na yi dariya, na ce madalla. To wannan madallar nake so in janye. Tsoho in ya ji yabonsa a bakin 'yarsa, hankalinsa kan tafi kiwo na ɗan lokaci. Nawa ya dawo yanzu.

Kin fi ni sanin bambancin yarukan nan biyu, amma na san gwaggonki za ta ce sai kin karanta mata, don haka bari in faɗa yadda ita ma za ta ji. 'Yar ƙwaƙwalwar nan, baƙar aba mai ƙafafu da ba ta fi farcen babban yatsa ba, ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. In da asembili za ki yi mata magana, kamar ki ce wa mutum ne: miƙa hannu, kama ludayi, tsoma, juya sau ɗaya, duba ko akwai gudaji, in akwai koma ka sake juyawa. In da C ne, sai ki ce: dama mini fura, kada ta yi kauri. Akwai tafinta a tsakani, shi ake kira kwamfaila, shi zai farfasa maganar ta koma miƙa hannu da kama ludayi. Duk rigimar ke nan.

Lokacin da na fara wannan sana'a a ɗakin gwaje-gwajen makarantar da na yi wa aiki, ba zaɓi muke yi ba. Ƙwaƙwalen wancan zamani ma'ajiyarsu ba ta fi aljihun 'yar-shara ba, tafinta kuwa sai dai mu ga labarinsa a mujalla. Da hannu muke ƙirga kowane umarni, mu san wannan bugu ɗaya na agogon ƙwaƙwalwar zai ci, wancan biyu. Na ƙware, ba yabon kai ba. Kuskurena na farko shi ne dolen ta wuce, ni ban wuce ba. Abin da rashi ya koya mini sai na mayar da shi sarauta.

Kin san Bitrus mai shagon gyara a bakin tasha, wanda kike ce wa Baba Bitrus. Tare muka yi aiki tun yana sabon zuwa daga Filato, Hausarsa na dogara sanda. Shi ya fara kawo mini tafinta a faifai, ya ajiye a kan teburina.

Ya ce, "Injiniya, ga mai taimako na kawo maka. Ka huta da ƙirga."

Na ce, "Bitrus, ɗan gari me zai yi da tafinta?"

"Ranar da za ka manta yaren fa?"

"Ka taɓa jin wanda ya manta Hausa?"

Ya ce, "Hausa da mutane kake yin ta kullum. Wannan kai kaɗai kake yi, kai da allon kwamfuta."

Na ɗauki faifan na mayar da shi murfin kofin shayi. Ki riƙa tambayar kanki, Ummi: wahalar nan da nake sha, aikin ne yake buƙatarta, ko ni ce nake buƙatar a ga ina shan ta? Ni ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba sai da gemuna ya yi fari.

To ga babban kuskuren, wanda kika san rabinsa. Akwai fadama gaba da Gwiwa kaɗan, inda manoma takwas suka haɗa kai suka haƙa rijiyar burtsatse ɗaya, suka sa mata famfon sola don noman rani. Rijiya ɗaya, gonaki takwas, kin san sauran. Wannan ya ce wancan ya wuce lokacinsa, wancan ya ce agogon wannan gudu yake. Shugabansu, Malam Haladu, ya hau babur ya zo har Kazaure ya same ni. Ya ce, "Injiniya, so muke ka yi mana mai rabo wanda ba shi da ƙane, ba shi da suruki."

Ƙa'idojinsu uku ne. Kowace gona awa ɗaya. Wanda ya fara yau, gobe na bayansa ne zai fara, don kada mutum ɗaya ya dawwama a kan ranar safe da ba ta da ƙarfin tura famfo. Ran Juma'a kuma a tsaya in rana ta yi tsaka, har a sauko daga masallaci. Su kuma suka yi rantsuwa a tsakaninsu cewa da zarar an kafa akwatin da zan haɗa musu, ba mai sake sa hannu a bawul, wato makullin ruwan kowace gona.

Da na ji takwas, sai raina ya yi fari. A cikin ƙwaƙwalwar akwai wani ɗan wurin ajiya mai gurbi takwas a jere, kamar gurabun dara. Na sa dutse ɗaya a gurbin farko. Duk inda dutsen yake, bawul ɗin wannan gonar ne a buɗe. Akwai umarni guda, ɗaya tak, da ke tura dutsen gurbi na gaba, in ya faɗo daga na takwas ya koma na farko. Faɗowar nan na kama na yi kalanda da ita: da ita akwatin ke ƙirga kwana, da ƙirgan kwana yake gane Juma'a. Sauyin mai farawa, da tsayawa in batir ya yi ƙasa, da komai da komai, duk a jikin takwas ɗin nan na rataye su. Manhajar gaba ɗayanta ba ta cika shafi uku ba. Na kira Bitrus ya zo ya ga kyau.

Ya duba, ya duba, ya ce, "Ya yi kyau. In sun zama tara fa?"

Na ce, "Fadamar ce za ta haihu?"

Ummi, ni ɗan malamin hakimi ne. Na tashi ina ganin kakanki yana dawowa daga rabon gonar gado da igiyar awo a kafaɗa, ƙafa duk ƙaya. In akwai mutum ɗaya a Kazaure da ya kamata ya san gonaki ba sa zama yadda aka ƙirga su, ni ne. Fadama ba ta haihuwa, gaskiya ne. Amma mai gona yana haihuwa, kuma yana mutuwa. Na san wannan kamar sunana. Daɗin dabara ne ya rufe mini ido, don dabarar ba ta aiki sai da takwas, ni kuma ina son dabarar fiye da yadda nake son tambayar.

Shekara goma sha ɗaya akwatin yana aiki, ko tari bai taɓa yi ba. Manoman suka sa masa suna Alƙali. In na shiga kasuwar Gwiwa sai an cika mini buhu da tumatir. Kin sha miyarsa, ba ki san kuɗin wautar ubanki kike ci ba.

Sai Allah ya yi wa Alhaji Barau rasuwa, mai gona ta biyar. Aka raba gonar uku: 'ya'yansa maza biyu, da 'yarsa Talatu, wadda mijinta ya riga ya rasu, da albasar rani take riƙe 'ya'ya huɗu. Rabonta ya faɗo can ƙarshe, nesa da bawul. Gonaki takwas suka zama goma, Alƙali kuwa takwas ya sani. Awar Alhaji ɗaya yake buɗewa, su ukun su raba. Yayyenta ba mugaye ba ne, har sukan bar mata farko wani lokaci. Amma kafin ruwa ya bi doguwar kwata a cikin yashi ya isa wurinta, rabi ya nutse, Alƙali kuma ya rufe ya wuce gona ta shida. Albasarta ta fito kamar tafarnuwa.

A kasuwa ta tare ni. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce, "Malam Injiniya, wai Alƙalin nan naka bai ji an yi mana rasuwa ba ne?"

Na ce ya ji, Allah ya jiƙan Alhaji.

Ta ce, "Amin. To ai har yau rabon Baba yake bayarwa. Mu uku ne yanzu. Ko sai mun kai masa takardar kotu?"

Na yi dariya, na ce aikin yini ɗaya ne. Haka ya kamata ya zama. A ƙara bawul biyu, kowa da bututunsa har bakin gonarsa, a raba awar Alhaji yadda aka raba gonar. Ƙwaƙwalwar ma tana da ragowar ƙafafu da ba a yi komai da su ba. Da a ce da C na rubuta, da sai in nemo inda na sa takwas in mayar goma, in gyara layi kaɗan, in sha shayi.

Na dawo gida na ɗauko baƙin littafin nan mai bangon leda, na buɗe shafuka ukun da nake taƙama da su. Rubutuna ne, hannuna ne. Kowane layi na san abin da yake cewa: ɗauki wannan, juya wancan, tsallake in babu. Amma don me ake ɗauka, don me ake tsallakewa, babu. Kamar ki tsinci hanya a daji kina ganin kowane sawu, ba ki san garin da aka nufa ba. Na duba gefen shafi, inda malamai ke rubuta sharhi a littattafansu don na baya. Wuri biyu kawai na bar wa na baya wani abu. A ɗaya na rubuta, "Nan ne dabarar." A ɗayan, "Kar a taɓa."

Na taɓa. Ina da tagwayen akwatin a gida, wanda na ajiye don gwaji. Gyaran farko, Alƙali ya yi Juma'arsa ran Talata. Na biyu, gona ta uku ta sha sau biyu, ta bakwai ta kwana da ƙishirwa. Na uku, ya rufe duka ya yi shiru, kamar ya yi fushi. Duk zaren da na ja, sai rigar ta warware ta wani gefen.

Ga abin da na koya, da tsada. Manhaja ba ƙwaƙwalwar kaɗai ake rubuta wa ba. Ita sau ɗaya za ta ji, ta riƙe har ta ƙone. Mutum ake rubuta wa, wanda zai zo bayan shekaru da hanzari, ana tsaye a kansa, amfanin gonar wani na bushewa. Sau da yawa kuma mutumin nan ke ce, kin tsufa, kin manta. Abin da ya shafi mutane, wato su nawa ne, wa ke gaba, yaushe ake hutu, wannan kullum cikin sauyawa yake, sai a rubuta shi da yaren da ake iya sauyawa, a sa shi a fili inda ido zai gani. Ki kuma tuna kowace zuriyar ƙwaƙwalwa da nata asembilin. Ranar da kamfaninku ya sauya wadda yake saya, kuma zai sauya, mai C zai kwashe kayansa ya ƙaura, mai asembili sai ya sake gini daga tushe.

Kada fa ki ce Baba ya ce in zubar da abin da ya koya mini. Ban ce ba. Saurari wannan.

Kakanki ya sha ba mu labarin wani tafinta a zamanin Turawa. Bature ya zo rangadi ƙofar hakimi, wani dattijo ya kawo ƙara a kan rijiya. Ya yi magana mai tsawo, ya faro tun daga kakansa. Tafinta ya juya ya faɗi kalma biyar. Dattijo ya ce, "Duk maganar tawa ce ka dunƙule haka?" Tafinta ya ce, "Ƙaiƙayin na sheƙe, baba." To a cikin abin da ya sheƙe har da cewa da rani kaɗai ake rigimar, da damina kowa na da ruwansa. Kakanki yana ɗan jin Turanci, shi ya matsa ya ce, ranka ya daɗe, an bar wani abu a baya.

Kwamfaila ɗan gidan wannan tafinta ne. Gwani ne, ya fi ni iya taƙaita magana, wannan na yarda tuntuni ko da ban faɗa wa Bitrus ba. Amma yakan sheƙe abin da ya ga kamar ƙaiƙayi ne. Bayan na yi ritaya na ɗan koyi C a ɓoye, irin koyon tsufa, na karɓi aikin tankin ruwan wata unguwa a Roni. Na rubuta: ka yi ta duba alamar nan, in ta ce tanki ya cika, kashe famfo. Alamar kuwa wani ɗan sashe ne dabam yake sauya ta, wanda ba ya farkawa sai ruwa ya ɗaga ƙwallon da ke cikin tankin. Tafinta ya duba wurin jiran, ya ga babu mai taɓa alamar a nan, ya ce to me ya sa za a yi ta dubawa? Ya duba sau ɗaya, ya kama gabansa. Tanki ya cika ya yi ta ambaliya, lungu ya zama rafi, agwagin unguwa suka yi sallah.

Nan kuskurena ya juya: da na raina tafinta, yanzu na sakar masa komai ban bi sawu ba. Abin da ya cece ni shi ne na buɗe fassarar da ya yi, na karanta ta da asembili, kafin shayi ya huce na ga inda ya yi tsallake. Kalma ɗaya na ƙara, kin san ta, wadda ke gaya masa wannan abu yakan sauya ba da saninka ba. Wanda bai iya asembili ba zai kwana uku yana zargin ƙwallo da waya.

Don haka ki zama kamar kakanki a ƙofar hakimi. Ki bar tafinta ya yi aikinsa, ke kuma ki zauna kusa kina ji. Ki rubuta da C. In kin zo wurin da ake auna lokaci da abin da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo sau dubu, kamar inda ake kunna wutar injin famfo ana kashewa, ko wurin da ma'ajiya ta ƙare ƙaf, kada ki yi zato, ki auna tukuna. Sau da yawa za ki tarar tafintan ya riga ki. In awo ya nuna bai kai ba, to nan ne gidan asembili: layi ashirin ko talatin, a ɗakinsu su kaɗai, ƙofa ɗaya ta shiga, da sharhin da ya fi su tsawo. Ba a gina gida duka da ƙarfe don ƙofa na buƙatar sakata.

Maganar maza bakwai kuma. Na gane abin da ke ranki, kuma ban ga laifinki ba. Kina so ki riƙe abin da ba mai iya karɓa daga hannunki. Na riƙe irinsa, ga ni. Wanda ba mai iya karanta aikinsa, ba ya hutu, ba ya ciwo, ba a ƙara masa girma don ba wanda zai gaji kujerarsa, kuma duk abin da ya lalace shi kaɗai ne mai laifi. In kina so su san 'yar wa ce ke, ki bari ranar da manhajarsu ta rikice su bakwai sun rasa dalili, ki jawo kujera, ki buɗe fassarar, ki sa yatsa ki ce ga shi nan. Sannan ki koya wa wanda ya tambaya.

Saura wanda ya fi nauyi, wanda ko mahaifiyarki sai jiya ta ji. Da na kasa gyara Alƙali, Malam Haladu ya zo sau biyu. Na ce masa kaya ne suka yi wuya, na aika Kano babu, har na sa wani ɗan Babura ya tambaya mini a ƙetaren iyaka. Ban aika ko'ina ba. Rani guda ya wuce a kan wannan ƙarya, albasar Talatu ta sake fitowa kamar tafarnuwa, babbar 'yarta ta bar makaranta zango ɗaya. In sake rubutawa da C ɗina, na ji tsoro, don irin Turancin tasha ne, ya isa a sayi biredi, bai isa a yi shari'a ba. Ke kuwa duk wannan lokaci kina gida, bango ɗaya tsakaninmu, C a hannunki kamar ruwan sha. Ban tambaye ki ba. Ba na so ki daina kallona yadda kike kallona in kina cewa Babana da hannu yake ƙirga bugu. Na zaɓi wannan kallon a kan albasar marainiya. Da kika ce su san 'yar wa ce ke, sai na ji tsoron kada su sani ɗin da gaske.

Jiya kasuwar Gwiwa ta ci. Na shiga mota na je, na sa aka kira mini Malam Haladu da Talatu gindin dalbejiyar masu gyaɗa, na faɗa musu yadda abin yake, ban rage ba. Malam Haladu ya ce, "Injiniya, da ka faɗa tun bara, ai da addu'a muka yi maka, maimakon mu yi ta zagin 'yan kasuwar da ba su ji ba su gani ba."

Talatu ta ce, "Ni ban san wannan yaren naku ba, Malam. 'Yar taka ta iya abin da ka manta?"

Na ce ta iya, ta kuma iya wanda na ƙi koya da wuri.

A hanyar dawowa na tsaya shagon Bitrus. Na zauna a bencinsa, ya ci gaba da narka dalma. Bai ɗago ba ya ce, "Fadamar ta haihu?" Na ce ta haihu, 'yan biyu. Ya yi dariya har sai da ya ajiye ƙarfen. Amma ya ce bututu da bawul biyun da haɗa wayoyi duk nasa ne, hannuna ya fara rawa, kada in je in ƙona musu abin da ya rage.

Yanzu ki buɗe kwalin. Tagwayen Alƙali ne, da baƙin littafin, da takarda ɗaya da na rubuta ƙa'idojin manoman da Hausa zalla, yadda Malam Haladu ya faɗe su da bakinsa, har da yadda za a raba awar Alhaji. Ba umarni nake ba ki ba, roƙo ne. Ranakun Asabar, in kin huta, ki sake rubuta shi da C daga farko. Ki bi takardar, kada ki bi littafin. Littafin na sa ne don ki ga yadda ubanki yake da kyan hannu da ƙarancin tunani. In kin gane abin da nake nufi da "Nan ne dabarar", ki bugo waya ki gaya mini, ina so in sani kafin in mutu.

Abu ɗaya: kada ki gina shi a kan goma. Ki sa adadin a wuri ɗaya, can sama, inda kowa zai gani ya sauya. Malam Haladu 'ya'yansa goma sha ɗaya ne, Allah ya ja kwanansa. In kin gama ki aiko wa Bitrus ya karanta. In ya kira ki ya tambayi ma'anar wani wuri, ba shi ne bai gane ba, ke ce ba ki gama ba.

Allah ya yi miki albarka, uwata. Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin mutum, da sharrin dabarar da ta yi daɗi da yawa. Ya ba ki lafiya da hannu mai sa'a, ya sa aikinki ya amfani waɗanda ba za su taɓa jin sunanki ba. Ki riƙe salla, ki ji maganar gwaggonki ko da ta maimaita, ki kira mahaifiyarki kafin ta kira ki. Allah ya dawo mana da ke lafiya, ya sa mu gana da alheri.

Da zan taso daga gindin dalbejiyar, Talatu ta ba ni saƙo, na ce zan isar yadda ta faɗa ba tare da na sheƙe komai ba. Irin albasa kwana arba'in da 'yan kai yake yi kafin dashe, kin sani. Ta ce, "Ka gaida ta. Ka ce mata na riga na zuba iri."

Mahaifinki,
Iro, Kazaure